Kunnena a toshe, ɗaki yana juyawa, maigida ya ce raki ne

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 34, 'ya'yana biyu. Wata takwas ke nan da aka mayar da ni ɗakin ajiye tsofaffin fayiloli a wurin aikinmu, kuma kusan a lokacin ne babbar 'yata, mai shekara tara, ta tsinto 'yar kyanwa muka bar mata. Tun daga nan ban sake samun sukuni ba. Atishawa sai in yi goma a jere da safe, hanci a toshe, ido yana ƙaiƙayi, kunnuwana kamar an cusa auduga. Sai jiri ya biyo baya. Yawanci kaina ne ke yin nauyi, ina tafiya kamar ina taka katifa. Amma sau uku ke nan ina juyi a kan gado da asuba ɗakin ya kama juyawa da ni har sai na riƙe bakin gado, kafin minti ɗaya kuma ya tsaya.

Ina shan ƙaramar ƙwayar nan ta mura mai sa barci safe da dare, ina fesa maganin buɗe hanci kusan wata huɗu, kwanan nan kuma wata abokiyar aikina ta ba ni ƙwayar jiri na haɗa. Na je asibiti sau ɗaya, aka auna jinina aka ce lafiya lau, likita ya ce damuwa ce, in rage tunani. Tun ranar maigidana ya samu abin faɗa: "Likita ma ya ce ba komai, raki ne kawai." Yayata ta ce kyanwar ce, a fitar da ita, yarinya kuma da an ɗauko maganar sai kuka. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, makon jiya ina tuƙi da yara a baya, sai farkawa na yi na ga na wuce jar fitila, ban san lokacin da idona ya rufe ba. Anti, da gaske alaji, wato jiki ya ƙi jituwa da wani abu kamar ƙura ko kyanwa, na kawo jiri? In rabu da kyanwar ne, ko in bar aikin? Kuma yaya zan yi mutumin nan ya yarda ba ƙarya nake yi ba?

Daga wata ƙanwarki

Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu da jiki, Allah ya kawo sauƙi. Kafin komai, na yarda da ke. Mai raki ba ta ƙirga sau nawa ɗaki ya juya da ita, balle ta lura bai kai minti ɗaya ba. Bayaninki ya fito tsaf, har ya nuna mini cewa abubuwa uku ne suka taru miki kika sa musu suna ɗaya, kuma kowanne da inda ya samo asali. Amma bari in fara da maganar da kika ajiye a gindin wasiƙa, don ita ce ba za ta jira gobe ba.

Ki ajiye makullin mota daga yau, har sai an gyara miki magani kin kuma yi kwanaki kanki garau. Abin da ya same ki a kan titi barci ne ya sace ki, kuma ina kyautata zaton ƙwayoyin da kike sha ne suka buɗe masa ƙofa. Ki duba kwalin ƙaramar ƙwayar nan. In kin ga an rubuta chlorpheniramine, to tana cikin tsofaffin magungunan alaji da ake sha tun ƙarshen shekarun 1940. Aikinta toshe wani sinadari ne da jiki ke saki, mai suna histamin. A hanci, histamin ne ke haddasa atishawa da majina da ƙaiƙayi. A ƙwaƙwalwa kuwa yana cikin masu gadin da ke riƙe mutum a farke. Tsofaffin ƙwayoyin nan ba su san iyaka ba, in sun gama da hanci sai su haura sama su kwantar da mai gadi. Wadda kika sha da dare ba ta gama barin jikinki ba gari ya waye, ga ta safe kin ɗora a kai. Sannan ƙwayar jirin da abokiyar aikinki ta ba ki, da kyakkyawar niyya na sani, yawancin irinta, kamar cinnarizine da promethazine, 'yan ɗaki ɗaya ne da ta farkon. Wato kina shan mai sa barci kashi biyu da sunan ciwo biyu. In kin warware 'yar takardar da ke cikin kwalin, za ki tarar da jiri da kasala a rubuce cikin illolin maganin. Abin tsoron shi ne mai shansu kullum yakan saba har ya daina jin barcin a idonsa, alhali ƙafarsa ta riga ta yi nawa wajen taka birki.

Kada ki zauna kina cin kanki da zargi. Allah ya tsare, kuma abin da kowa ke yi kika yi: hanci ya dame ki, kin miƙa hannu ga abin da ke kusa.

To, da gaske alaji na kawo jiri? Yana kawowa, amma nasa jirin da irin kamarsa, kuma in kin gane hanyar da yake bi za ki iya ware shi daga sauran. Alaji kuskure ne na sojojin jiki, su ga abin da ba ya cutarwa, kamar ƙura ko garin fure ko dattin jikin dabba, su far masa kamar maƙiyi. Wani likitan yara ɗan ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, shi ya raɗa masa wannan suna a 1906, bayan ya lura cewa jiki kan sauya yadda yake karɓar abu idan ya sake gamuwa da shi. Shi ya sa mutum zai shekara talatin yana share ɗaki lafiya ƙalau, daga baya kuma hancinsa ya yi masa tawaye. Da abin ya shiga hanci sai a saki histamin, fatar ciki ta kumbura, ruwa ya kama zuba.

Kumburin ba a hanci kaɗai yake tsayawa ba. Daga can bayan hanci akwai wani siririn bututu, tsawonsa kimanin santimita uku da rabi, da ke tafiya har ɗan ɗakin iskar da ke bayan dodon kunne. Ana kiransa da sunan Eustachi, wani masanin sassan jiki ɗan Italiya na ƙarni na 16. Ki haɗiye miyau yanzu ki saurara. Mai lafiyar kunne zai ji ɗan ƙas, bututun ne ya buɗe ya bar iska ta shiga don ta ciki ta daidaita da ta waje. Idan bakinsa ya kumbura ya liƙe, sai jiki ya tsotse iskar da ta maƙale a hankali, dodon kunne ya lotsa ciki, wani lokaci har ruwa ya taru a bayansa. Audugar da kike ji ke nan. Maƙwabcin wannan ɗaki kuwa, bango ɗaya ya raba su, shi ne kunnen ciki, inda ma'aunin tsayuwar mutum yake. In matsin ya fi yawa a kunne ɗaya, mutum kan ji kansa ba daidai ba, yana ɗan tangaɗi. Ki ƙara da cewa mai toshewar hanci da baki yake numfashi cikin dare, barcinsa rabi-rabi, ya tashi a gajiye kamar wanda ya kwana aiki. Don haka tafiyar nan ta kan katifa, a ganina alaji da ƙwayoyi ne suka yi tarayya a kanta.

Hajijiyar asuba kuma wani zance ne, kuma a nan nake so ki buɗe kunne da kyau, duk da audugar. Toshewar hanci ba ta cika sa ɗaki ya wulwula da mutum ba. Idan aka ce mutum ya juya a kan gado, ko ya ɗaga kai zai ɗauko abu a sama, ko ya sunkuya, sai duniya ta juya da shi ta kuma tsaya kafin minti ɗaya, wannan siffar wata lalura ce da likitoci ke taƙaita sunanta da BPPV. Ita ce kan gaba cikin abubuwan da ke kawo hajijiya, kuma ta fi kama mata. A kunnen ciki akwai bututu uku lanƙwasassu cike da ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya. Kusa da su akwai wata 'yar jaka mai ɗauke da tsakuwoyi ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, na irin sinadarin ɓawon ƙwai. Wani lokaci kaɗan daga cikinsu sukan ɓalle su faɗa ɗaya daga cikin bututun. Kina kwance shiru, su ma suna kwance. Kin juya, sai su gangara su ja ruwan, bututun ya aika saƙo sama cewa kina wulwulawa, alhali jikinki yana nan a kan gado. Da sun kai ƙasa sun natsa sai komai ya lafa. Shi ya sa ba ya daɗewa, shi ya sa kuma yake jiran juyi.

Abin farin cikin shi ne da hannu ake maganinta, ba da ƙwaya ba. Akwai gwajin da wasu likitoci biyu a Landan, Margaret Dix da Charles Hallpike, suka bayyana a 1952, har yau shi ake yi. Za a zaunar da ke a kan gadon duba marasa lafiya, a juya kanki gefe ɗaya, a kwantar da ke baya da sauri kanki ya ɗan rataya, likita ya zuba wa idonki ido. In tsakuwoyin na nan, bayan 'yan daƙiƙoƙi ƙwayar idon za ta kama fizga da kanta. Daga nan sai a bi da kan ta wasu juye-juye a jere, waɗanda wani likitan Amurka, John Epley, ya tsara, har a gangaro da tsakuwoyin zuwa jakarsu. Mintoci kaɗan ne, kuma yawancin mutane a zama ɗaya ko biyu suke samun kansu. Kada ki koya a waya ki yi ke kaɗai tun ba a tabbatar wane kunne ba ne, don in aka juya ta ɓangaren da ba shi ba wahala ce kawai.

Ba zan iya leƙa kunnenki ta wasiƙa ba, don haka ki lura da abin da zai sauya lissafi. In hajijiyar ta fara ɗaukar minti 20 zuwa awanni, tare da ƙara a kunne ɗaya da raguwar ji, likita zai yi tunanin cutar da ake kira da sunan Prosper Ménière, Bafaranshen da ya bayyana ta a 1861, wadda wasu likitoci ke ganin alaji na iya tsokano ta ga wasu mutane. In kuma tana zuwa da ciwon kai na ɓari ɗaya da ƙin haske, shi ma wannan ciwon kan yana da nasa jirin. Abin da kika rubuto bai yi kama da su ba.

Saura maganin feshin. In sunansa oxymetazoline ne ko xylometazoline, na 'yan kwanaki ne, uku zuwa biyar, ba na wata huɗu ba. Yana matse jijiyoyin jinin hanci ya buɗe nan take, in ya sake su kuma sai su kumbura fiye da da, ki sake fesawa, haka dai kamar mai biyan bashi da bashi. Wataƙila rabin toshewar da kike fama da ita yanzu tasa ce. Barinsa na da wuya na mako ɗaya ko biyu. Wasu sukan fara da daina fesa ƙofar hanci ɗaya, in ta warware su bi da ɗayar.

Ki koma asibiti cikin makon nan, in da hali wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Ki zuba duk abin da kike sha da wanda kike fesawa a jaka ki juye masa a kan tebur, har da na abokiyar aiki, ki kuma gaya masa maganar jar fitila. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada ki ce masa "ina jin jiri" ki yi shiru, don kalmar nan buhu ce, komai ana zubawa a ciki. Ki faɗa masa kamar yadda kika faɗa mini: wannan na nauyin kai ne, wuni nake da shi, wannan na juyawa ne, a kan gado, ƙasa da minti ɗaya. Ki tambaya kuma, awon jinin da aka ce lafiya lau, na hawan jini ne ko na yawan jini? Ƙarancin jini na yawan sa mata jiri, kuma ba a gane shi da abin ɗaura wa dantse. Ki roƙa a yi miki awon hawan jini a kwance sannan a tsaye, domin in lambar sama ta faɗi da 20 cikin minti uku da miƙewa, wannan ma dalili ne mai zaman kansa. In akwai yiwuwar juna biyu, ki faɗa tun kafin a rubuta magani. Daga yau kuma ki samu ɗan littafi kina rubuta rana, lokaci, inda kike, abin da kike yi, da tsawon jirin.

Abin da aka fi ba masu irin hancinki shi ne feshin da ke kashe kumburi, irin su fluticasone ko mometasone ko budesonide, da sabbin ƙwayoyin alaji da ba sa haurawa ƙwaƙwalwa sosai, kamar loratadine da fexofenadine. Cetirizine ma tana cikinsu, sai dai takan ɗan sa wasu barci. Feshin nan ba ya buɗe hanci nan take kamar wancan, sai an yi kusan mako biyu ana yi kullum kafin ya nuna ƙarfinsa, kuma a nan ne mutane ke karaya su ce ba ya aiki. Yadda ake fesawa ma da dabara: ki ɗan sunkuyar da kai, ki riƙe da hannun dama ki fesa ƙofar hagu, bakin kwalbar yana kallon wajen kunne, ba guringuntsin tsakiya ba, ki shaƙa a hankali. In kin ji ɗacinsa a maƙogwaro, kin ja da ƙarfi ya wuce inda ake son sa. Wanke hanci da ruwan gishiri kafin fesawa na taimakawa, muddin ruwan tafasasshe ne da aka bari ya huce.

Shi kuwa likitan da ya ce damuwa ce, ban goyi bayan ya sallame ki da wannan kaɗai ba, amma ba zan ce maganarsa ba ta da ƙamshin gaskiya ba. Wanda ɗaki ya taɓa juyawa da shi yakan shiga tsoron motsi, ya riƙa tafiya yana sauraron jikinsa, wuyansa a sandare, kuma wannan kansa yana ƙara jirin. Damuwar na nan, sai dai jirin ne ya haife ta. Mai yiwuwa kuma abin da aka ba shi cikin 'yan mintoci bai kai abin da kika ba ni ba.

Yanzu kyanwa. Yayarki tana sonki ne, kuma ba mamaki ta yi gaskiya, amma ana tuhumar mutum uku ne a nan, kyanwa da ɗakin fayiloli da gadonki, ita kuma ta yanke wa ɗaya hukunci ba a yi shari'a ba. Na sa gado a ciki ne saboda atishawar da ke tarbar mutum da tashi daga barci takan nuna wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, masu zama cikin katifa da matashi suna cin ɓurɓushin fatar mutum, kashinsu ne ke tayar da hanci. Kuma kada a ce a kai kyanwar wani gida na mako ɗaya a gani. Abin da ke kawo alajin kyanwa yana cikin miyaunta da fatarta ne. Tana lashe jikinta, ya bushe, ya tashi a iska, ya manne a labule da kujera da kafet, kuma yakan yi watanni a gida bayan ita ta tafi. Mako ɗaya ba zai nuna komai ba, sai dai a karya zuciyar yarinya a banza.

Akwai hanyar sani. Ana ɗiga ruwan abubuwan da ake zargi a kan fatar hannu, a ɗan tsira kowanne da tsinin allura, a jira kamar minti 15. Wanda jiki bai yarda da shi ba zai tashi kamar cizon sauro. Sai an daina ƙwayoyin alaji na wasu kwanaki kafin a yi, likita zai faɗa miki nawa, in kuma hakan bai yiwu ba akwai na jini. Kafin sakamako ya fito, a yi sulhu: kyanwa ta daina shiga ɗakin kwananki ko da rana, ƙofa a rufe, yarinya ta ɗauki nauyin share mata wuri da wanke hannu bayan wasa da ita, ke kuma ki daina ɗaukarta. Zanen gado da rigar matashi a wanke kowane mako da ruwa mai zafi sosai, wanda ya kai digiri 60, a kuma riƙa goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗe ta. Ki zaunar da 'yarki ki gaya mata gaskiya, cewa ana bincike ne, kuma wannan aikin da za ta yi shi ne taimakon da za ta yi wa mamanta da kyanwarta. 'Yar shekara tara tana gane fiye da yadda muke zato.

In gwaji ya nuna kyanwar ce, kuma magani da rufe ƙofa sun riƙe ki, za ku iya zama tare. In kuwa kin fara tarin dare, ko ƙirji yana miki fito, ko numfashi yana sarƙewa, to maganar ta kai ga asma, kuma lafiyar uwa ce gaba. A lokacin sai a nemi gidan da yarinya za ta iya ziyarta, da saninta, ita ma a sa bakinta a zaɓen. Abin da ba zan yafe ba shi ne ta dawo makaranta a ce mata kyanwa ta ɓata. Akwai kuma maganin da ake saba wa jiki da abin kaɗan-kaɗan, ta allura ko ta ƙarƙashin harshe, amma tafiya ce ta shekara uku zuwa biyar, ki ajiye shi a matsayin zaɓi na gaba.

Aiki kuma kada ki bar shi. Littafinki zai gaya miki cikin mako biyu ko uku ko ranakun hutu sun fi miki sauƙi. In haka ne, ki sa takunkumi mai kama fuska sosai duk lokacin da za ki taɓa tsofaffin takardu, ki duba ko akwai danshi da fumfuna a bango ko a jikin fayilolin, ki kuma kai wa shugabanki takardar likita ki nemi a fito da teburinki waje, ki riƙa shiga ɗakin sai da dalili. Kada ki hau tsani ko kujera ɗauko fayil har sai an duba kunnen nan.

Na bar maigida a ƙarshe don na san nan ne ya fi miki ciwo. Kalmar raki tana da zafi, musamman daga bakin wanda kike jira ya ce miki sannu, kuma kina da haƙƙin ki gaya masa haka. Amma ki ɗan tsaya a inda yake tsaye. Wata takwas yana ganin matarsa a gajiye, ba zazzaɓi, ba rauni, ba abin da zai nuna da yatsa, sai ga likita ya ce ba komai. Mutane da yawa in sun rasa yadda za su yi da ciwon nasu, sai su rungumi maganar da ta fi sauƙin ɗauka. Kuma ki tuna, mafi girman abin da ya faru bai ma san da shi ba. Yana yanke hukunci ne da rabin labari, sauran rabin yana hannunki.

Ki gaya masa. Ki zaɓi lokacin da yara suka yi barci, ba a tsakiyar gardama ba, ki ajiye makullin a gabansa ki ce, "Akwai abin da na ɓoye maka don ina tsoron faɗanka." Zai iya yin faɗan, 'ya'yansa ne a motar, ki bar shi ya huce. Sannan kada ki roƙe shi ya yarda da ke, ki roƙe shi abubuwa biyu da zai iya yi da hannunsa: ya ɗauki kai yara makaranta ko ya samo wanda zai kai su na mako biyu zuwa uku, kuma ya raka ki asibiti ya tsaya kusa da gado lokacin gwajin. In ya ga ƙwayar idonki tana fizga da kanta, gani ya kori ji. Sai dai kada ki jingina gaskiyarki duka a kan wannan, domin tsakuwoyin nan sukan koma da kansu, a yi gwaji ranar a ga ba komai. In ya ƙi zuwa, ki tafi da Yaya, ki dawo masa da abin da likita ya rubuta. In kuma bayan duk wannan bai daina jifanki da kalmar ba, to maganar ta wuce ta kunne, sai a nemi wani babba da yake jin nauyinsa ya zauna da ku.

Akwai abin da ya kamata shi ma ya riƙe a ka, don shi ne kusa da ke. In jiri ya zo da karkacewar baki, ko harɗewar harshe, ko ganin abu biyu-biyu, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko kasa tsayuwa sam, ko matsanancin ciwon kai irin wanda ba ki taɓa yi ba, ko kunne ɗaya ya daina ji farat ɗaya, asibiti za a nufa a lokacin, ba a jiran safiya. Haka in jiri ya auko miki jim kaɗan bayan cin wani abu, ko shan magani, ko harbin ƙudan zuma, tare da borin jini a jiki, kumburin leɓe ko harshe, da wahalar numfashi. Wannan shi ne alaji mai kisa, jini ne ke faɗuwa. A kwantar da ke a ɗaga ƙafafu, in numfashi ya yi wuya a bar ki a zaune, kada a miƙar da ke tsaye, a nemi taimakon gaggawa, don allurar adrenalin a cinya ce maganinsa, ƙwayar mura ba ta isa ba.

Kafin ranar asibiti, ki riƙa tashi daga kwance a hankali, ki zauna a bakin gado ki ƙirga goma kafin ki miƙe. Ki kuma bar waya kusa da matashi. In ɗakin ya sake juyawa, ki taɓa maigida ki ce ya kunna fitila ya ɗauki bidiyon idanunki a buɗe, likita zai ji daɗin ganinsa ƙwarai. Bayan mako huɗu ki rubuto mini abin da littafin ya nuna, ki haɗo da sunan kyanwar, don ba ki faɗa mini ba.